Yumɓun Sheshi da Dokin Bature

Admin don Allah don Annabi kar ka sa sunana. Ku ma masu karantawa, ko wani ya gane ni ya yi shiru. Wayar yayana ce na ɗauka, kuma a gidanmu ba a son a ta da maganar nan. Ban yi nisa a boko ba, ku yi haƙuri da rubutuna.

Akwai wani mutum a nan Minna, tun zamanin Turawa, sunansa Sheshi. Banufe ne, aikinsa gyaran ƙafar dawaki. In doki ya sha tafiya ƙafa ta kumbura ta yi zafi, sai ya je wani rafi ta wajen Shango ya ɗebo farin yumɓu mai sanyi, ya kwaɓa, ya shafe ƙafar. In ya bushe ya wanke ya sake. Sai zafin ya fita tas, sannan ya murza man zafi, wato man kaɗe da ya dafa da citta da barkono.

Yana da amini, Garuba, Bakatsine, maƙwabcinsa a Tudun Wada. Kun san Nufawa da Katsinawa abokan wasa ne, to su nasu ya wuce misali. Akushi ɗaya suke ci.

"Kai bawana, miƙo ruwa," in ji Garuba.

"Ji ɗan Katsina, yau ma ƙamshin miyar matata ya koro ka? Wanke hannu, bawa," in ji Sheshi.

Wata rana wani Baturen jirgin ƙasa ya aiko a kira Sheshi. Dokinsa ne ƙafar gaba ta kumbura bayan sukuwa. Ya ce in ya warke, Sheshi zai riƙe masa barga. Sheshi kuwa 'ya'ya shida gare shi, aikin nan ya daɗe yana roƙon Allah irinsa.

Kwana uku yana shafa yumɓu, kumburi ya fara sauka. Rana ta huɗu kurkunu ya fito masa a diddige, ya kasa taka ƙasa. Sai ya ba Garuba ƙwaryar yumɓu da kwalbar mai, ya ce, "Bawa, taimaki ubangidanka. Yumɓu kawai, safe da yamma. Man nan ajiye shi can, kar ka taɓa sai na zo."

Garuba ya je ya ga bargar. Ga ɗakin kwano da za a ba mai aikin, ga buhunan dawa. Sai zuciyarsa ta juya.

Ya ce wa Bature, "Ranka ya daɗe, wancan laka kawai yake shafa wa dokinka yana jan kwanaki. Ga maganin gaskiya, ni na haɗa shi. Kwana biyu zai tashi."

Bature ya kalli kwalba, ya kalli laka, ya ce Garuba ya riƙe aikin.

Wallahi duk yamma sai Garuba ya biya ya ce wa Sheshi doki na samun sauƙi, ya zauna ya ci tuwonsa.

Shi Garuba bai san da bayan hannu Sheshi yake taɓa ƙafa ya ji ko zafi ya fita ba. Ƙafar da sauran zafi a ciki. Ya lafta mata man zafi, ya naɗe da tsumma tam. Kwana biyu gashi ya zube, fata ta saluɓe, doki ya daina cin ciyawa.

Bature ya ce da Hausarsa, "Doki sha wahala. Jumma'a ba tashi, ni harbi."

A bakin kukun Bature Sheshi ya ji komai, har maganar laka. Garuba na shigowa, Sheshi bai ko ɗaga kai ba, ya ce, "Kawo jaki."

Haka aka kai shi barga a kan jaki. Yana zaune a ƙasa ya kwance tsumman, ya yi ta wanke ƙafar da ruwan randa. Ya shafa yumɓu sama da ƙasa, ya bar gurin ciwon a buɗe. Ranar Jumma'a doki ya taka ƙafar. Ba a harbe shi ba, amma bai sake sukuwa ba har ya mutu.

Bature ya kori Garuba. Sheshi ma bai samu aikin ba, don an ce dokin da ba ya gudu ba ya buƙatar mai barga.

Bayan sati Garuba ya ɗauko akushi ya je. Ya yi ƙarfin hali ya ce, "Bawana, ga tuwo."

Sheshi ya gyara zama ya ce, "Sannu da zuwa, Malam Garuba. Na ƙoshi, na gode."

Shekara ashirin da wani abu bayan nan suna maƙwabtaka, kullum Malam Garuba yake ce masa, da ladabi. Kakata Rekiya ta ce ranar da Sheshi ya rasu ta ga babanta a bayan gida yana kuka, yana cewa ko sau ɗaya ne da ya zage ni. E, Garuba babanta ne. Akushin yana ɗakinta, ba ta bari a ci a ciki.

Darasi: Wanda ya ba ka amanar abincin 'ya'yansa, kar ka ci da shi da yamma ka sare shi da safe. Zai iya yafe maka, amma ba lallai ya sake yin dariya da kai ba. Ku tura wa wasu su karanta, amma ban da 'yan unguwarmu don Allah, saboda in gwaggona ta gani

ga yayana nan ya shigo, ina jin takalm