Jatau Jan Muzuru da Kwandon Banda

Ga ta nan, ga ta nanku, in kun gama tsokanar juna.

Ta zo mu ji ta, Kaka, mun yi shiru.

Wani jan muzuru ne ana ce masa Jatau, a gidan Iya Tasalla mai sayar da kifin banda. Ja ne kamar an tsoma shi a manja, ga ƙiba, ga son mutane. Ko ɓarawo ne ya shigo gidan, Jatau zai je ya goga masa jiki a ƙafa. Mutanen garin suna cewa duk jajayen muzuran duniya hankali guda ɗaya aka ba su, suna karɓa-karɓa. Ni ban ce gaskiya ba ne. Na dai san layi bai taɓa zuwa kan Jatau ba.

Aiki ɗaya ya iya. Iya tana tara banda a babban kwando har ranar kasuwa. In za ta bakin kogi sai ta rufe shi da faifai, Jatau ya hau ya kwanta. Ba gadi ya kai shi ba, wurin ne da ɗumi. Amma nauyinsa ya isa gadi, don haka yake samun kan kifi safe da yamma, ga gindin murhu nasa ne.

Gizo kuwa ƙamshin bandar nan ya hana shi sukuni. Ya zo ya ɗaga faifan, bai motsa ba. Ya tura Jatau, bai motsa ba. Ya ja masa wutsiya, Jatau ya ɗauka tausa ce, ya juyo masa ciki.

Sai Gizo ya durƙusa. "Ranka ya daɗe, ƙanin zaki! Launi ɗaya, gashin baki ɗaya. Kana kwance karnuka suna cewa ko tafiya ba ka iya ba?"

Jatau ya buɗe ido ɗaya. "Wa ya faɗa?"

"Sambali, karen Buzaye. Wai shi ne sarkin gudu."

"Kai ni wurinsa."

Suna fita, Ƙoƙi matar Gizo ta shigo da ɗan buhunta. Ta kwashi bandar ƙasan kwando, ta cike gurbin da totuwar masara, ta mayar da faifai.

Sambali dogo ne, ƙafafu kamar karan dawa, ciki a ɗame. Ya duba dama, ya duba hagu. "Gizo, da wa zan yi tseren?"

"Da ni," in ji Jatau.

Sambali ya sunkuyo. "Au, sannu maigida. Na ɗauka kabewa aka ajiye."

Aka ce a taɓo kukar bayan gari. Sambali ya je ya dawo, ya ga bai ji komai a jikinsa ba, ya sake komawa. Jatau kuwa inuwar farko da ya tarar ya zauna yana wanke fuska. "Filin nan yashi ya yi masa yawa," in ji shi.

Gizo ya buga tsalle. "Na biyu! Kai ne na biyu a duk tseren!"

Jatau ya koma gida yana taƙama. Bai tambayi su nawa suka yi tseren ba.

Kashegari Gizo ya dawo. "Ƙanin zaki, yau kuma Durwa ne, karen mafarauta. Wai ba mai tsalle irinsa."

"Kai ni wurinsa."

Ƙoƙi ta shigo, banda ta ragu, totuwa ta ƙaru.

Durwa kare ne da yakan cafke zabuwa tana sama. Ya tsallake shingen ƙaya ko ja da baya bai yi ba, ya tsaya can yana hamma. Jatau ya yunƙura. Kansa ya haye, ƙafafun gaba suka haye, tumbin ya ce shi ba da shi aka yi shawara ba.

"Ɗan uwa, a kawo tsani?" in ji Durwa.

"Gari nake dubawa," in ji Jatau, ƙaya tana sukarsa.

"Na biyu kuma!" in ji Gizo.

Rana ta uku ranar kasuwa ce. Iya ta fita neman mai ɗauko mata kwando, Gizo ya iso da sauri. "Saura Tsundum, karen masunta. Ka gama da shi, ka gama da karnuka."

Ƙoƙi ta kwashe sauran, wannan karon ko faifan ba ta daidaita ba.

A bakin kogi Jatau ya dubi ruwa, ruwa ya dube shi. A nan hankalin nan na karɓa-karɓa ya kusa iso shi, sai aka ce wani jan muzuru can gabas bai gama da shi ba. Jatau ya faɗa ruwan. Ya sha, ya ɗago, ya ƙara sha. Tsundum, wanda tuni ya kai tsallake, ya dawo ya ɗauko shi ta ƙeya kamar tsumma, ya ajiye a tudu.

"Malam, wa ya aike ka?" in ji Tsundum. "Ni ka taɓa ganina a kan rufin ɗaki?"

Gizo bai bari ya amsa ba. Ya zaro banda guda daga rigarsa. "Kyautar zakara! Riƙe ta a baki, gari ya gani."

Haka Jatau ya shiga gida, a jiƙe, kai a sama, banda a baki. Ya tarar da Iya Tasalla tsaye kan kwando, totuwa zube a ƙasa. Ta dubi totuwar. Ta dubi bandar bakinsa, tsinken da ke jikinta ma ita ta fiƙe shi da hannunta.

"Lallai Jatau. Har da kawo mini shaida?"

Ta ɗauki muciya. Waɗanda suka ga fitarsa sun ce da ya yi irin wannan gudun ranar Sambali, da an ɗan yi kallo.

Ya kwana biyu a bola, yunwa ta koro shi. Ya leƙa ta kan katanga don ya ga wane gwarzo aka ɗauka a madadinsa. Sai ya ga dutse a kan faifai. Dutse kawai, irin na gefen hanya. Ya ji Iya tana gaya wa maƙwabciyarta, "Wallahi Yaya, na huta. Ba ya cin kan kifi, ba ya zubar da gashi, kuma ba mai yi masa kirari ya tashi."

Shi ya sa har yau in kun ga jan muzuru, duk faifai ko kwandon da ya samu sai ya haye ya kwanta. Aikinsa yake nema a mayar masa.

To, ku ji ni da kyau. Duk wanda ya zo yana yabon abin da ba ku iya ba, ku duba abin da kuke zaune a kai. Ɗan abin da kuka iya kuma ku riƙe shi, ko da kwanciya ce, don masu iya maye gurbinku suna nan zube a gefen hanya.

Kungurus kan kusu, wanda Jatau bai taɓa kama ko ɗaya ba. Ku tashi, ke kuma sauka daga kan faifaina.