Dalilin da Ya Sa Zalɓe Yake Tsayuwa da Ƙafa Ɗaya

Dalilin da ya sa kuke ganin zalɓe tsaye cikin ruwa da ƙafa ɗaya, shiru kamar an dasa shi, ba ciwo ɗaya ƙafar take masa ba, yara. Lafiyarta ƙalau. Ku matso ku ji yadda aka yi.

A zamanin da, lokacin da tsuntsaye suke kokawa, babu mai rawar kai irin Zalɓe. Bai iya tsayuwa wuri ɗaya ba. In ya shiga ruwa kamun kifi sai ya yi ta facal-facal har kifayen su watse, ya fito da laka a baki. Yana zaune da mahaifiyarsa a bakin Tafkin Bado, wani ruwa wanda ko rani ya kai rani ba ya ƙafewa. Tsohuwar idonta ya yi rauni, ba ta iya tashi ta yi nisa, amma ta san tafkin nan kamar yunwar cikinta. Da lalube take kama abin da za ta ci.

Al'adar tsuntsaye kuwa, ba a yaƙi a kan ruwa. Wanda yake son tafkin wani sai ya jira kaka, a buga ganga, a yi kokawa. Kaye na farko gargaɗi ne. In aka sake ka da kai a kaka ta gaba, sai ka kwashe naka ya naka ka bar ruwan.

To, akwai Babba-da-jaka, ƙaton tsuntsun nan mai sanƙo, mai jaka a wuya. Ya gaji da zaman bayan mahauta, ya sa ido a kan Tafkin Bado. Da kaka ta yi aka buga ganga. Kafin makaɗa su gama kirari Zalɓe ya yi kansa a guje. Babba-da-jaka bai ko gusa ba. Sunkuyawa kawai ya yi, ya cafke masa ƙafa ɗaya ya ɗaga, sai ga Zalɓe kwance yana kallon sama.

"Ka gaida tsohuwa," in ji Babba-da-jaka yana karkaɗe fiffike. "Ka ce ta fara ɗaure kaya. Baɗi war haka ni ne mai gida."

Da ya koma gida uwar ba ta yi masa faɗa ba. Shi ne ɗanta na fari, don haka ko sunansa ba ta kira. Ta tura masa ɗan kifi ta ce, "Kai wannan, ci."

"Inna, in aka kore mu, ina za mu?"

"Kai dai ka tafi inda ka ga dama, fiffikenka da ƙarfi. Ni ƙafata ba ta san wani ruwa ba. A nan kusa zan samu gindin ciyawa in zauna."

Zalɓe ya gane abin da take nufi. Kifin nan bai ciwu ba.

Rani ya wuce, hadari ya fara haɗuwa, shamuwa suka iso daga kudu kamar yadda suka saba, suka sauka a kan tsamiyar bakin tafki. A cikinsu akwai wata tsohuwa, gashin wuyanta duk ya yi furfura. Ana cewa a ƙuruciyarta, daga nan har ƙasashen da suke zuwa cin rani, ba wanda ya taɓa kai bayanta ƙasa. Zalɓe ya je ya durƙusa a gindin tsamiyar.

"Gwaggo, kaye na zo ki koya mini."

Tsohuwar ta leƙo da ido ɗaya. "Kai ne ɗan gidan nan da aka ce ganga ba ta gama ɗumi ba har ka kwanta?"

"Ni ne."

"Madalla, ba ka da musu. Biyo ni."

Ta kai shi inda rafi yake shigowa cikin tafkin, wurin da ruwa yake da ja. Ta ce ya shiga har gwiwa. Ya shiga.

"Ɗaga ƙafa ɗaya."

Ya ɗaga. "Sai me?"

"Sai ka tsaya."

"Gwaggo, kokawa fa na ce."

"Na ji ka, kunnena bai tsufa ba. Abokin karawarka dabararsa ɗaya ce, ya raba ka da ƙafa guda. To, ba shi ita tun yau. Ka koyi zama da wadda ta rage."

Ta koma kan tsamiya ta bar shi. Bai daɗe ba ruwa ya kwashe shi. Ya tashi ya sake, ya sake faɗuwa. Ranar nan ya sha ruwa har cikinsa ya yi ƙato. Kashegari ma haka. Da ya fara ɗan jimawa a tsaye, sai ya ji muryarta daga kan tsamiya: "Ya isa, fito!" Ya sauke ƙafa da murna. Kafin ya juya ta sauko ta ƙwanƙwashe shi a ka.

"Wa ya ce ka sauke?"

"Ke kika ce!"

"Bakina ne ya ce. A fage za ka ji ana ihu an tashi, za ka ji ana cewa ka yi nasara, za ka ji ma ana cewa uwarka ta faɗi a ruwa. Da ka waiwaya, ka tafi ƙasa. Baki ba ya sauke ɗan kokawa. In ba fiffikena ka ji a kafaɗarka ba, ba a sallame ka ba. Koma."

Daga ranar nan ta riƙa gwada shi. Wani lokaci ta kira shi da faɗa, wani lokaci da lallashi, wani lokaci ta kwaikwayi muryar innarsa. Duk sanda ya motsa sai ya sha ƙwanƙwasa. Sai rana ta yi sanyi take saukowa a hankali, ta ɗora masa fiffike a kafaɗa, sannan ya sauke ƙafa ya tafi gida yana ɗingishi.

Da farko wuta ce take tashi daga tafin ƙafarsa ta hau cinya, har ya ji kamar ya yi kuka. Sannu a hankali ya lura cewa in bai kula ta ba, wutar takan yi ta ci ta gaji ta wuce, kamar hadarin da bai zubar da ruwa ba. Ya fara ganin abubuwan da duk zamansa a tafkin bai taɓa gani ba. Da sassafe farin tururi yakan tashi daga ruwa ya lulluɓe shi har wuya, ya ji kamar a cikin gajimare yake tsaye. Ya ga yadda furen bado yake buɗewa, ganye bayan ganye, ba ya sauri don kowa. Mazari ya zo ya sauka a kansa ya huta ya tashi. Ƙananan kifaye, waɗanda a da in sun ji motsinsa suke watsewa, suka dawo suna fakewa a inuwarsa. In ya dubi ƙasa sai ya ga sama tana tafiya a cikin ruwa, har wani lokaci ya rasa ko ruwan ne yake gudu ko shi ne ake ɗauke da shi zuwa wani wuri.

Ruwan ma ya zama malaminsa. In ruwan ya ture shi, shi ma ya ture, sai ya faɗi. In ya ɗan kwanta masa kamar yadda ciyawar bakin rafi take yi, sai ruwan ya wuce ya bar shi tsaye.

"Gwaggo, yaushe za ki nuna mini yadda ake kamu?" ya tambaya wata rana.

"Ka gaji ne?"

"A'a."

"To, sauri kan haifi nawa. Tsaya."

Damina ta ja baya. Gero ya nuna, aka yanke. Shamuwa suka fara taruwa a kan tsamiya suna duban kudu, don lokacin tafiyarsu ya yi. Ranar da aka sa za a yi kokawa, da sassafe, tsohuwar ta kai Zalɓe wurin tsayuwarsa.

"Wannan ce ta ƙarshe," ta ce. "Bari in je in roƙi mutanenmu su dakata mini zuwa yamma. Zan dawo in sauke ka, mu tafi fage tare."

Ya ɗaga ƙafa, ta tafi.

Ba a jima ba wata iska ta taso daga arewa, irin wadda shamuwa suke jira. Ita kuwa ba ta jiran kowa. Zalɓe bai ɗaga kai ba, amma a cikin ruwa ya ga inuwar garken ta tashi gaba ɗaya tana kewayawa, tana ƙara nisa. Sun sa tsohuwar a tsakiya, jikokinta suna tallafe da ita dama da hagu, don in ta sauka ba ta da ƙarfin da za ta sake cim musu ita kaɗai. Can daga sama ya ji muryarta, siririya kamar zare.

"Ya isa, ɗana! Ya isa!"

Zalɓe ya yi murmushi a ransa. Gwaggo ke nan da halinta, har ranar ƙarshe sai ta gwada shi. Bai motsa ba.

Hantsi ya yi, ganga ta tashi a fage. Tsuntsaye suka cika gaɓar tafki. Babba-da-jaka ya fito yana taku ɗai-ɗai, jakar wuyansa tana lilo. Aka kira Zalɓe, shiru. Aka sake kira, shiru. Uwar ta biyo gefen ruwa tana lalube har ta zo kusa da shi.

"Kai wannan, ana kiranka. In ba ka je ba za a ce ka gudu."

Wannan kam ba kwaikwayo ba ne, ga ta a gabansa. Amma ya ce, "Inna, ba a sauke ni ba."

Labari ya kai fage. Babba-da-jaka ya yi dariya har ya yi tari. Ya dubi Gauraka, wanda shi ne alƙalin wasa, ya ce, "Ranka ya daɗe, tunda ango ya ƙi fitowa, a ba ni izini in bi shi ɗaki."

Gauraka ya gyara tukkunsa ya ce, "Duk inda 'yan kokawa biyu suka haɗu, nan ne fage."

Babba-da-jaka ya shiga ruwa, taro ya bi gaɓa yana kallo. Da ya iso ya tsaya ya ƙare wa Zalɓe kallo.

"Ɗan samari, kokawa muka zo yi ko langa? Har ka ɗaga mini ƙafar don kada in sha wahalar sunkuyo? Allah ya yi maka albarka."

Ya cafki ƙafar da take sama ya ɗaga, kamar bara. Zalɓe ya ɗan karkata ya dawo. Ya ja ta dama, Zalɓe ya bi shi kaɗan ya dawo. Ya tura shi da ƙirji, ya murɗa, ya girgiza. Ga Zalɓe duk wannan bai fi jan ruwa bayan an kwana ana ruwan sama ba. Yana jin numfashin ƙaton a wuyansa, yana jin ihun taro kamar daga wani gari, idonsa na kan wani furen bado da yake rawa a gabansa.

"An tashi! Ka ci!" wani daga mutanen Babba-da-jaka ya yi ihu. Zalɓe ko gezau.

Rana ta take tsaka, ta fara karkata. Babba-da-jaka nauyi gare shi, kuma duk ture-turen da yake yi ƙafafunsa biyu sai ƙara nutsewa suke cikin laka. Sanƙonsa ya yi ja. Zagi ya ƙare masa, sai haki. Daga ƙarshe ya tattara sauran ƙarfinsa ya faɗa wa Zalɓe gaba ɗaya. Zalɓe ya kwanta gefe kamar ciyawa, ya bar shi ya wuce. Laka ta riƙe ƙafafun ƙaton, jikinsa ya yi gaba, sai ji aka yi tinjim.

Gauraka ya ɗaga fiffike. Ganga ta ɓarke. Babba-da-jaka ya fito yana tsiyayar da laka, ya kama hanyar mahauta. Tafkin Bado ya tabbata na Zalɓe da innarsa.

Taro ya watse, shi yana nan tsaye.

"Sauke ƙafar mana," in ji uwar. "Gwaggonka ta tafi. Kowa ya ji tana kiranka daga sama."

"Na ji ta."

Gauraka ya matso ya ce, "Kawo in taɓa ka, ai duk ɗaya ne."

"Ranka ya daɗe, ba kai ka tsayar da ni ba."

Sai da uwar ta ce yunwa take ji sannan ya sauke, ya kama mata kifi. Yanzu kifaye har gindinsa suke zuwa, bai sha wuya ba. Ta ci ta ƙoshi. Da ta kwanta, ya koma wurinsa ya ɗaga ƙafa. Haka ya yi ta yi duk ranin nan. Ya yi abin da ya zama dole, ya koma tsayuwarsa.

Da hadari ya sake haɗuwa shamuwa suka dawo. Ya bi su da ido ɗaya bayan ɗaya suna sauka a kan tsamiya, bai ga mai furfurar wuya ba. Wata jikarta ta sauko bakin ruwa ta gaishe shi, ta ce tsohuwar ta kai kudu lafiya, amma can ta kwanta dama.

Zalɓe ya ce, "Ta bar mini saƙo?"

"Ta bari. Ta ce a gaya maka ya isa."

"Da baki ta faɗa?"

"Da baki mana. Da me za ta faɗa?"

"To," in ji Zalɓe. "Na gode. Ki huta gajiya."

Ya mai da idonsa kan ruwa.

Shi ya sa har yau, yara, in kuka je bakin tafki da sassafe za ku tarar da zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya cikin tururin ruwa. Ku yi ta kiransa, ba zai waiwayo ba. In kuka lura da kyau za ku ga ya ɗan sauke wuyansa, ya bar kafaɗunsa a buɗe. Kada ku jefe shi. Jira yake.