Dattijon da ya gaishe da na'ura

Akwai wani dattijo da ake yi wa laƙabi da Baba Sannu, don ko kyanwa ce ta gifta sai ya gaishe ta. Shekara ashirin da huɗu ya yi yana karɓar baƙi a wani kamfanin buga littattafai. Aka rufe kamfanin, wata biyar bayan haka matarsa ta rasu. 'Yarsa ɗaya tilo tana aure a nesa.

Gidan ya yi masa girma. Sai ya wuni bai ji muryar kowa ba sai ta rediyo. Aiki yake nema ido rufe, ba don albashi kawai ba. So yake ya tashi da safe ya san akwai inda ake jiransa.

To amma neman aiki ya canja. Yanzu waya za ka kafa a gabanka, tambaya ta fito a rubuce, a ba ka minti biyu ka amsa, na'ura ta saurara ta ba ka maki. Sau huɗu yana gwadawa, sau huɗu saƙon haƙuri na iso masa kafin ya cire rigar da ya goge.

'Yarsa ce ta gano matsalar a waya.

"Baba, me kake fara cewa?"

"Me zan fara cewa kuwa? Gaisuwa mana."

"Haba Baba, ba mutum ba ne fa. Rabin lokacinka a gaisuwa yake tafiya. Ka shiga magana kai tsaye."

Ya ce to.

Sai ga wata ƙaramar cibiyar wankin ƙoda tana neman mai karɓar marasa lafiya a bakin ƙofa. Wannan aikin ya kwanta masa a rai. Ya rubuta "BANDA GAISUWA" a takarda ya manna a bango, ya jingina wayar da gwangwanin sukarin marigayiya. Har da fesa turare, wai don na'ura.

Jan hasken ɗaukar bidiyo ya kunnu a wayar. Ya buɗe baki zai shiga magana kai tsaye. Ji ya yi kamar zai faɗa ɗakin mutane babu sallama. Ya dubi takardar, ya dubi wayar.

Ya ce, "Ban sani ba ko akwai mai kallon wannan. In akwai, ina wuni? Ina gajiya, yaya aiki? Allah ya sa an samu an ci abincin rana, don aikin zama wuri ɗaya yana mantar da mutum cikinsa."

Ya fara bayanin aikinsa na dā ke nan, lokaci ya yanke shi a tsakiyar magana. Kafin la'asar saƙon haƙuri ya shigo. Bai gaya wa 'yarsa ba, kunya ta hana shi. Ya ninke rigar ya mayar akwati, ya ce wa kansa zamani ya gama da irinsa.

Kwana goma sha ɗaya bayan haka, yana wanke kofinsa ɗaya, waya ta yi ƙara. Muryar mace ce.

"Lafiya lau, Baba. Aiki da godiya. Abincin rana kam ranar ban ci ba, sai da ka tuna mini."

Ya tsaya da kofi a hannu. "Wace ce ke magana, 'yata?"

"Ni ce mai ɗaukar ma'aikata a cibiyar. Na'ura ce ke tacewa, ni kuma nakan duba kaɗan daga cikin waɗanda ta ƙi. Wata takwas ina ɗaki ni kaɗai da abin saurare a kunne. Na kalli fuskoki sun fi dubu, kowa maganar kansa yake yi. Kai kaɗai ka tambayi gajiyata."

"Ai gaisuwar ce ta kayar da ni."

"Marasa lafiyarmu sau uku suke zuwa a mako, a gajiye, wasu ba mai rako su. Ina neman wanda zai tambaye su yadda suka kwana. Ka zo ranar Litinin mu yi magana baki da baki."

Ya je, aka ɗauke shi. Yau ya san sunan kowane mara lafiya da ranakun zuwansa. Kuma kullum in azahar ta yi sai ya ƙwanƙwasa ƙofar wani ɗan ɗaki a ƙarshen baranda, ya leƙa ya ce, "'Yata, cire abin kunnen nan ki je ki ci abinci."

Darasi: Ka koyi yadda zamani ke tafiya, amma kada ka jefar da kyakkyawan halinka don wata na'ura ta ba shi maki kaɗan. Ku kuma masu ɗaukar aiki, ku riƙa leƙa waɗanda na'ura ta ƙi. Masu karatu, ku tura wannan labari ga duk wanda neman aiki ya karya wa zuciya, wataƙila yau shi ma ba wanda ya gaishe shi.