Ayabar Gyara

Akwai wani mutum, yana da tsohuwar uwa wadda haƙoranta suka zube. Ba abin da take marmari sai ayaba. Kowace ranar kasuwa takan ce, "Ɗana, ka sayo mini ayaba."

Yakan sayo kuwa. Amma ɗanya shar, wai nunanna ba ta kwana. Sai ya ɗaure ta a buhu bayan randa, ya ce, "Jibi, Inna." Jibi ta zo yana gona, gata yana gidan biki. Kafin ya tuna ta yi baƙi, a zuba wa awaki. Mako bayan mako, haka!

Wata rana mai ayabar ta gaji da shi. Ta ce, "Ɗanya kuma? Haba, malam! Ni daga kwandon mutum nake gane gidansa. Mai sayen nunanna, ana jiransa a ƙofa. Kai fa, ka yi yarjejeniya da jibi ne?" Ta ɗauko ɗaya nunanna, ta ce, "Ungo gyara. Ka kai wa tsohuwa ta ci yau."

A hanya dabara ta zo masa. Ai in an haɗa nunanna da ɗanya, ɗanyar takan yi saurin nuna. Da ya isa gida sai ya jefa gyaran cikin buhu, ya ɗaure.

Tsohuwa ta ce, "Kamar ina jin ƙanshi."

Ya ce, "Gobe, Inna. Wannan karon gobe."

Gari ya waye, Inna ba ta tashi ba.

A rana ta uku ƙanshi ya cika gidan makoki. Ya kwance buhu, ga ayaba ta nuna duka, rawaya gwanin kyau, ta gyaran kuwa ta narke a tsakiya. Masu ta'aziyya ne suka ci.

Ma'anar misalin nan ke nan, 'yan'uwa. Ɗanyar ayaba ita ce alherin da muke ta shirin yi. Buhun shi ne gobe. Ta gyaran ita ce yau, wadda Ubangiji ya ɗora mana a tafin hannu kyauta, mu kuwa don wayo muka cusa ta cikin gobe. Wayon me, don Allah? In akwai mai jiranka a gida, tashi daga sujada ka ɓare masa tun bakinsa yana motsi.

Kada ku tambaye ni sunan mutumin. Har yau in ya bi ta layin masu ayaba, sauya hanya yake yi.