Sifikar Ɗakin Inna

Akwai wani ma'aikacin kamfanin inshora da abokan aikinsa ke kira Sha-Yanzu, saboda bai iya jira ba. Mutum ne mai kirki da sakin hannu, amma in abu ya ƙi masa sau biyu, ba ya neman dalili. Hukunci kawai yake yankewa cewa abin ya lalace, ya rabu da shi.

Ya sayi sifikoki uku marasa waya, irin masu aiki da intanet ɗin gida. Ya ajiye ɗaya a falo, ɗaya a kicin, ɗaya a ɗakin mahaifiyarsa, wadda ganinta ya yi rauni har ba ta iya karatu ko kallon talabijin. Inna ba ta san mene ne intanet ba, amma yatsunta sun haddace sifikarta. A samanta akwai maɓallai uku masu tudu. Na tsakiya yana kunna tashar rediyon da aka saita mata, na gefe suna ƙara murya ko ragewa. Da ita Inna take wuni idan kowa ya tafi aiki.

Sifikar Inna ba ta taɓa yin gardama ba. Sauran biyun ne suka zame wa Sha-Yanzu ƙarfen ƙafa. Ana cikin jin waƙa sai ta ɗauke, fitilar sifikar ta koma ja, wayarsa ta ce babu haɗi. Ya kashe ya kunna. Ya goge manhajar ya sake saukewa. Ranar da manyansa na ofis suka kawo masa ziyara, ta falon ta yi shiru a tsakiyar nuna musu ita da yake yi, ya tsaya yana danne-danne yana gumi.

Da baƙin suka tafi, matarsa ta ce, "Maigida, ni fa ina ganin ba laifinsu ba ne. Akwatin wayifai mai ba su intanet yana can ƙofar ɗakin Inna, mu kuma bango biyu ne tsakaninmu da shi. Mu matso da shi mana mu gani."

Ya ce, "To injiniya, sannu da aiki. Kayan da aka sayar mini a kan suna aiki ko'ina a gida, ni zan riƙa lallaɓa su kamar jinjiri?"

"Gwadawa dai ba ta kashe kowa."

"Ni ta kusa kashe ni. Sayar da su zan yi."

Nan take ya ɗauki hotonsu ya sa a kasuwar intanet. Wani mai aski ya zo dubawa, yana neman abin da zai sa wa shagonsa. Ya juya biyun a hannu, ya ce, "Oga, a hoton kwalin uku na gani. Ko dai duka, ko in kama gabana."

Matar ta yi wa mijinta ido, ya yi kamar bai gani ba. A lokacin Inna tana banɗaki. Ya shiga ɗakinta, ya zare sifikar daga soket, ya haɗa wa mai aski, ya ce a ransa ai gobe zai kawo mata wadda ta fi ta.

Da Inna ta lalubi teburin gefen gadonta ta ji wayam, ta kira shi. "Kai, ina abokiyar hirata?"

"Inna, tsohon yayi ce. Sabuwa fil za ki samu."

"Ni ma tsohon yayi ce. Saura ni ke nan."

Ya yi dariya, ita ba ta yi ba.

Sabbin da ya sayo sun fi kyau da tsada. Samansu sumul yake kamar madubi, ba maɓalli ko ɗaya, shafa ake yi. Inna ta ɗora yatsunta tana neman tudun da ta sani, sai murya ta tashi kamar za ta tsaga ɗakin. Ta janye hannu a firgice. Ya nuna mata, ya sake nuna mata, muryarsa na ƙara hawa.

Ta ce, "Daina nuna mini, ɗan nan. Abin da kake nunawa da ido ake ganinsa."

Ba a jima ba ta falon ta ɗauke, fitilarta ta koma ja, daidai yadda tsohuwar take yi. Sha-Yanzu ya tsaya yana kallonta. Matarsa ta wuce da tire a hannu, ta kalli jar fitilar, ta kalle shi.

Washegari ya nufi shagon mai aski. Tun daga bakin titi yake jin kiɗa na tashi tar, ba yankewa. Ya roƙa a sayar masa da ɗaya, ko nawa ne.

Mai aski bai ko ɗaga almakashi daga kan da yake gyarawa ba. Ya ce, "Haba oga, ciniki ya faɗa. Tun da na kawo su ko tari ba su yi ba. Biyu na nan, ta ukun kuma na ba ƙanena, ya yi tafiya da ita."

"To ka ba ni ɗaya cikin biyun."

"In bar kwastomomina da kunne ɗaya? Yi haƙuri."

Sha-Yanzu ya zaga shaguna, aka ce an daina kawo irin mai maɓallin. Ya dawo gida a gajiye, ya zare akwatin wayifai, ya kai shi tsakiyar gidan. Aikin bai kai shan ruwa ba. Tun daga ranar sifikar falo da ta kicin ba su sake ɗaukewa ba.

Inna kuwa sai dai ya kunna mata da wayarsa kafin ya fita. In wuta ta ɗan ɗauke rediyon ya mutu, haka za ta zauna har yamma, hannuwanta a cinya, ga sabuwar sifika a gefenta tana tsoron taɓawa.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, kafin ka yanke wa abu hukunci, ka nemi asalin matsalarsa, domin sau da yawa abin da muke zargi ba shi ne mai laifin ba. Ka saurari shawarar na kusa da kai ko da ranka a ɓace yake. Kuma kada fushinka ya sa ka rabar da abin da wani ya dogara da shi. Mai gaggawa yakan huce, amma wanda bai ji ba bai gani ba shi ake bari da asarar.