Wa Ya Ɗauke Cokalin Baba?

Don Allah don Annabi, duk wanda ya san ni ce mai shafin nan kar ya faɗi sunana. Ko a kwament kar a rubuta. Katanga ɗaya ce tsakaninmu da gidan da zan faɗa, in aka gane daga bakina ta fito na shiga uku. Da wayar antina ma nake rubutawa kafin ta fito daga wanka.

Akwai wani saurayi ana ce masa Sufeto. Ba ɗan sanda ba ne, gem ne ya ja masa sunan. Irin gem ɗin nan na waya da ake kashe mutum a wani tsohon gida, kai ne mai bincike, kana bi ɗaki ɗaki kana tara alamu, fatalwa kuma tana bin ka a baya. Ya iya sosai, kuma ya san ya iya. Ko takalmi ne ya ɓata a gida sai ya ce, “Ku matsa, ku ba ku da ido. Ni abu ɗaya zan gani in gane mai laifi.”

Babansa a da mai walda ne. Sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi. Baki ya tafi, ƙafa ta tafi, hannu ɗaya ne kawai ke motsi. Mamarsu ta ajiye masa cokali da kofin silba a gefen katifa, in yana son abu sai ya ƙwanƙwasa. Da ta ji sai ta taho tana tsokanarsa.

“To maigida, an buɗe shago ke nan? Yau me za mu haɗa, ƙofa ko taga?”

Shi kuma ya yi murmushi da rabin baki.

Rannan da hantsi maganinsa ya ƙare. Ta ba shi abinci, ta ɗauki jaka, ta tsaya a ƙofar ɗakin Sufeto.

“Zan je kyamis. Yanzu ya ci abinci, ka san yana sarƙewa. Da ka ji cokali ka je ka tayar da shi zaune.”

“Na ji, Mama.”

“Ka ji, ko dai kai kawai ka gyaɗa?”

“Haba Mama, sai ka ce wani yaro.”

To a ƙarshen gem ɗin akwai wani waje da za ka ɓuya, fatalwar tana zagaye tana nemanka. A wajen nan wayar tana sauraren ɗakin da kake zaune da gaske. Ko tari ka yi sai ta cafke ka, ka koma baya can nesa.

Ya kai wajen, ya ɓuya, ko numfashi ba ya yi. Sai ƙwan ƙwan ƙwan. Fatalwa ta cafke shi. Ya je ɗakin Baba, ashe filo ne ya zame. Ya gyara ya dawo. Ya sake wahala ya kai wajen. Ƙwan ƙwan ƙwan. Ruwa Baba yake so. Ya ba shi yana tsaki ƙasa ƙasa.

Da zai fita sai ya tsaya. Ya ɗauki cokalin da kofin ya ɗora can saman durowar kaya.

“Baba yi haƙuri, yanzun nan zan dawo maka da su. Saura kaɗan na gama.”

Baba ya bi cokalin da ido. Sufeto ya ja ƙofa, ya koma ya toshe kunnuwansa da iyafis.

Kuma wallahi ya cinye gem ɗin. Ya gano wanda ya yi kisan, har ya ɗauki hoto ya tura wa abokansa, suka yi ta hira. Sannan ya tuna.

Amai ne ya taso wa Baba yana kwance rigingine. Sufeto ya same shi ido a buɗe, hannunsa a miƙe daidai inda kofin yake zama. Ihun da Sufeto ya yi har gidanmu muka ji.

Kowa ya ce ai ciwon ne, lokaci ya yi. Mama ta tambaye shi tana kuka, “Bai ƙwanƙwasa ba?” Ya ce, “Ban ji ba, Mama.”

Bayan kwanaki, da masu ta'aziyya suka watse, ta shiga haɗa kayan mamacin. Ta taka kujera za ta sauko da akwati daga saman durowa, sai hannunta ya taɓa kofi. Ina kicin ɗinmu ina wanke-wanke, tagar tana kallon tasu, na ji komai.

“Sufeto, zo. Kai ne mai ido a gidan nan. Mutumin da ko zama ba ya iya yi da kansa, ya aka yi cokalinsa ya hau nan?”

Sai ta ƙara da cewa:

“Tun ranar nake tunanin me ya karya masa farce. Dubi bangon nan. Da hannu ya yi ta kiran ka.”

Na ji ya zube ƙasa. “Mama ɗan lokaci kaɗan ne, wallahi zan mayar ne...”

“Ba zan yi maka baki ba, ni na haife ka. Ba zan gaya wa dangin ubanka ba, don ɗanye za su cinye ka. Amma tashi daga gabana.”

Har yau gida ɗaya suke. Tana dafa abinci ta zuba masa. In ya gaishe ta tana amsawa. Amma ba ta ƙara kallon fuskarsa ba.

Darasi: Gem in ka faɗi za ka sake, iyaye in sun tafi babu sakewa. Mara lafiya in ya kira ka, ko sau nawa ne, ajiye abin hannunka ka je. Ku tura wa duk mai jinya a gida, amma don Allah ban da sunana. Kuma in kun san gidan ku yi kamar ba ku… wayyo ga ta nan ta buɗe ƙofa, bari in