Barci a Ƙarƙashin Askar Cindo

An yi wani mutum a wani gari, can da daɗewa, mai tufkar igiya, ana ce masa Nomau. A garin akwai wanzami mai suna Cindo, wanda wata rana zuciya ta ɗebe shi ya yanki abokin faɗansa da aska. Mutumin ya rayu, Cindo kuwa aka ɗaure shi shekaru. Duk zamansa a kurkuku Nomau ne kaɗai ke leƙa shi, ya kai masa fura, ya ba shi labarin damina.

Da Cindo ya fito, ya koma gindin ceɗiyar kasuwa ya buɗe zabirarsa. Ku saurara, jama'a. Kowa na yi masa barka da arziki, amma daga nesa. Wa zai miƙa wuyansa? Kasuwa ta ci ta watse, ta sake ci ta watse, aska na kwance. Har ya fara cewa gara can cikin kurkuku.

Sai ga Nomau, ya cire hula ya zauna.

"Wanzam, a sauke mini wannan dajin, har ƙarƙashin haɓa."

"Baba Nomau, hannuna rawa yake."

"Wuyana ma rawa yake. Su yi rawar tare."

Wani mahauci ya ɗaga murya daga rumfarsa, "Tsoho, ka dai bar wasiyya ko?"

Cindo ya jiƙa kan da ruwan ɗumi. Aska ta fara tafiya a hankali. Inuwar ganye na yawo a kan tabarma, hayaniyar kasuwa ta yi nisa, ta yi nisa, Nomau ya ji kamar yana yaro a cinyar uwarsa. Aska na kan maƙogwaronsa barci ya kwashe shi. Har da minshari, jama'a!

Cindo ya tallafe kan da tafin hannu, hawaye na zuba, bai tashe shi ba. 'Yan kasuwa suka taru suna kallo. Kafin Nomau ya farka, mutane sun cire huluna suna jiran layi.

To, ba wai Nomau bai ji tsoro ba. Ya ji, ya zauna. "Allah ya kiyaye gaba" kowa na iya faɗa. Amma wanda ya gama hukuncinsa yana nan a ɗaure sai ranar da wani ya ba shi amana. Akwai irinsa a unguwarku, kun san sunansa. Ku kai masa aikinku, ku matsa masa a sahu. Allah ya sa mu iya.